Wasiƙa zuwa Damagaram a kan ciwon takwarana

Kano

Mutumina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, kai da maman yara da Inna da sauran mutanen gida. Mu ma nan sai godiya, in ban da hazon da ya rufe gari har Dutsen Dala ba ya ganuwa da safe. Na ji abin da ya sami ɗanka, takwarana. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto, don ka ba maman yara ita ma ta karanta a tsanake.

Ka ce likita ya tabbatar asma ce, kuma ranar da yaron ya ci kilishi leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa, murya ta shaƙe, har aka ce jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa. Saboda haka ka yanke shawarar cire shi daga makarantar kwana, ka hana shi ƙwallo, ya zauna inda idonku ke kansa. Na fahimci tsoron, amma ban goyi bayanka ba. In ka ga dama ka ce takwara ne ke kare takwara.

Ka san na daɗe ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai. A cikin masu asma, waɗanda suka fi hana ni barci su ne masu ɓoyewa. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 zai tura inhelarsa can ƙasan akwati, ƙarƙashin ledar garin kwaki, sai ya faki ido ya shiga banɗaki ya shaƙa, don kawai kada abokai su daina shan ruwa a kofinsa suna zaton tarin fuka ne. Alhali asma ba a ɗaukar ta a wurin kowa. Sai wajen asuba ka ji ƙirjinsa yana kuka kamar kyanwa ta maƙale a ciki, ka haska tocila ka gan shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi, kafaɗu na hawa da sauka. Ka tambaye shi, ya ce "ba komai, Malam", kuma ko waɗannan kalmomin ba ya iya haɗa su da numfashi ɗaya. In ka kulle takwarana a gida, abin da ka koya masa shi ne ciwon nan abin kunya ne. Ranar da ya fita daga hannunku, kuma dole ya fita, ɓoyewa zai yi.

Abin da ke faruwa a ƙirjin ba wani sirri ba ne. Hanyoyin da iska ke bi cikin huhu suna kumbura ta ciki, majina ta taru, sannan idan wani abu ya tsokane su sai su tsuke. Shi ya sa magungunan shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan da kowa ya sani, salbutamol ko Ventolin, buɗe hanya yake yi nan take, amma ba ya taɓa kumburin. Ɗayan, wanda galibi ruwan ƙasa ne ko wani launi, shi ke kwantar da kumburin a hankali, kuma shi yara ke fara jefarwa, don ba sa jin aikinsa a take. Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda likitocin duniya ke bin ƙa'idojinta a kan asma, ta daina yarda a bar matashi ko babba da shuɗin kaɗai. Don haka ka tambayi likitan ko ya rubuta na rigakafin, da yadda za a sha shi, kuma yaron ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa. In ka ga yana neman shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa da dare, to ciwon bai kwanta ba, a koma asibiti. Na san da tsada. Nan Kano tun 2023 kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabi. Duk da haka ya fi kwanan asibiti araha.

Ka gaya wa maman yara ta cire wa ranta maganar nan ta cewa wanda ya fara inhela ba ya dainawa, ko tana cinye zuciya. Ba ƙwaya ba ce, ba ta sa maye. Abin da ake shaƙa kaɗan ne kuma kai tsaye huhu yake zuwa, ya fi sirop da allurai da ake ta ɗirka wa yara a kemis sauƙi ga jiki. Zuma da habbatus sauda da Inna za ta kawo, a karɓa da hannu biyu, a yi addu'a, amma kada su maye gurbin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, ta kashe 455,000, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe irin namu ne, inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun maganin.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Yawancin yara fesawa suke yi a harshe, maganin bai kai huhu ba. Ka samo robar ruwa ko ta lemo mai cin rabin lita, a wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta, a huda gindinta daidai bakin inhelar yadda zai shiga ya toshe. Ya girgiza inhelar, ya sa bakin robar a bakinsa, ya danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. Kada ka raina ta. Likitoci a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara, suka wallafa a 1999 cewa tana aiki daidai da wadda ake sayarwa. In ciwon ya taso, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa ana fifita da salati. Dannawa ɗaya bayan ɗaya, da ɗan jinkiri a tsakani, har zuwa goma. In bai lafa ba, ko ya kasa magana, ko leɓe ya canza launi, a nufi asibiti ana ci gaba da ba shi a hanya.

Abubuwan da ke tayar da ita ka san rabinsu. Ƙurar hunturu, wadda ku kuke riga mu sha, hayaƙin itace, janareto a bakin taga, maganin sauro na ƙonawa, fiya-fiya, kyankyasai, da turaren wutan da na san maman yara ba ta wasa da shi. Wannan sai ka lallaɓa. Gidan sauro ya wadatar a ɗakinsa, shara kuma a yayyafa ruwa tukuna. A makaranta a canza masa aikin shara da wani. Aspirin da ibuprofen suna tayar wa wasu, kada a ba shi sai likita ya ce. Shisha kuwa, ni zan yi masa maganarta da kaina, ya fi jin kunyata a kan ka.

Ƙwallo dai ka bar masa. Paul Scholes da kake ta yi mana ihu a kansa zamanin Manchester United, da asma ya yi duk wasansa. Yaron ya ɗumama jiki kafin shiga fili, inhela na bakin layi, ranar da hazo ya yi kauri ya haƙura.

Gyaɗar ce ta fi damuna, don mu mutanen gyaɗa ne. Ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, miyar taushe, yajin tsire, labun kilishi, kwaɗon zogale, man da aka soya ƙosai da shi, duk tana ciki, kuma mai tsire ba zai gaya maka ba. Ga al'adarmu ta "ci mana, ɗan kaɗan ba ya komai". Ga irin takwarana ɗan kaɗan ɗin yana iya toshe maƙogwaro cikin mintuna, kuma mai asma ya fi kowa haɗari. Ku koya masa ya ce "gyaɗa na kai ni asibiti" ba tare da sunkuyar da kai ba, ko a gaban kakarsa ne. Idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dushe, ga amai ko jiri, Piriton ba ya ceto. Allurar adirenalin ce a gefen cinya, nan take. Akwai wadda mutum ke yi wa kansa, EpiPen, sai dai a ƙasashenmu samunta aiki ne. Ka tambayi likita abin da za ku riƙe, ka kuma je da ƙafarka ka tabbatar asibitin da ya fi kusa da makarantar yana da adirenalin. Ko ya warware bayan allura sai an kai shi an sa masa ido, don abin yana iya dawowa bayan wasu awanni, kuma kada a tsayar da shi a kan ƙafafunsa da sauri.

Za ka tambaye ni azumi. Malamai sun saɓa. Shehu Bin Baz da Ibn Usaimin suna ganin inhela ba ta karya azumi, wasu na ganin tana karyawa. Ka tambayi malaminku, amma a kowanne ra'ayi Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ba a yarda yaro ya danne numfashi yana jiran magariba ba.

Kafin a dawo daga hutu ka je makarantar tare da shi. Likita ya rubuta takarda shafi ɗaya, a ba malamin ɗakin kwana, a ba mai kula da kicin. Ka roƙa kada a kulle inhelarsa a ofis, aljihunsa ne wurinta. A bar shi ya yi bayanin da bakinsa, kai ka yi shiru, na san zai yi maka wuya. Ya kuma zaɓi abokai biyu da ya yarda da su ya nuna musu robar nan da abin da za su yi da dare.

Ka ba shi lambata ya kira ni ranar Juma'a bayan masallaci. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina nan tafe in Allah ya yarda. A gaida maman yara da ƙannensa.

Wassalam,
Abokinka na Kano