Wasiƙa zuwa ga Yaya kan gonar gado

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna ta samu sauƙin ƙafar. Na ji saƙonka kan kamfanin da ke neman gonarmu don shimfiɗa farantan sola. Don Allah kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa tukuna.

Aikin da nake ci da shi ke nan a Jamus, jan waya a gonakin sola na jihar Bavariya, kuma manoman nan ba su cika sayarwa ba. Haya suke bayarwa, shekara 20 ko fiye, gona na nan da sunansu, wani ma tumakinsa na kiwo a ƙarƙashin farantan. Mutanen nan akwai son ƙa'ida. A 2014 jihar ta kafa dokar cewa injin samar da lantarki daga iska ya nisanci gidaje da ninki 10 na tsayinsa, wato mai mita 200 sai ya ba da kilomita 2. Kafa injinan ya kusa tsayawa cak, sai a 2022 aka sassauta. Kuma mai kafa injin sai ya yi alkawari a rubuce cewa zai tumɓuke kayansa har da kankaren ƙasa in ya gama.

Wannan alkawarin nake so a sa a tamu yarjejeniyar. In babu shi, jikokinmu za su gaji kankare da ruɓaɓɓen ƙarfe.

A gida kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da bishiyoyi da gini ake biya, ba ta ƙasar ba. Saboda haka ku ƙirga ɗorawa da mangwaron nan, ku ɗauki hotonsu da rijiyar, ku nemi takardar shaidar mallaka a ƙaramar hukuma. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da kyau, amma ba ta isa ba.

Sannan ba a raba gadon Baba ba. Su Yaya mata na da haƙƙi, Inna na da tumuninta, sai kowa ya yarda. A tambayi kamfanin kuma ko shingensu zai toshe burtalin da ke gefen gabas, kada mu sayo rigima da makiyaya.

A nemi lauya ya karanta takardar, kuɗinsa na wuyana. Ka turo mini hotonta ta WhatsApp, kowane shafi.

A gaida Inna da yara.

Naka,
Ƙaninka