Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Ƙirga Tsofaffin Bishiyoyi Kafin A Ja Layin Titi

Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, kuka na kawo gabanka, kuma a kan bishiyoyin garin nan ne.

A ƙofar gidanmu, cikin birni, an yi wata ceɗiya da kakanmu ma ya ce haka ya taso ya gan ta. Sai mutum uku sun haɗa hannu suke iya zagaye gindinta. A inuwarta muka yi karatun allo. A nan wanzami yake shimfiɗa tabarmarsa da hantsin Juma'a, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake karɓar gaisuwa idan an yi rasuwa. Shekarun baya aka zo gyaran kwata da faɗaɗa hanya. Wata Laraba muka wayi gari an shafa mata jan fenti, ranar Asabar masu injin yankan katako suka iso, kafin azahar ta kai ƙasa. Wani mai gidan burodi ya saye itacen. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, da aka gama aikin, kwalta ba ta kai inda kututturen yake ba, taku huɗu ne tsakaninsu. Majalisar dattawan nan ta watse ke nan. Wasunsu ba su sake haɗuwa ba sai a jana'iza.

Ranka ya daɗe, ka saurari sunayen unguwanninmu. Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Durumin Iya, Durumin Zungura, Kukar Bulukiya, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe, Kurna, Kawo, Giginyu, Ɗorayi. Kasuwar Rimi, da ita kanta Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga itatuwa suka samo suna. Kanawan farko da bishiya suke kwatancen gida. Yau yaro zai tambaye ka ina durumin yake, ka yi shiru.

Ba na ƙin titi. Wanda ya taɓa maƙalewa a Ɗan Agundi ko Tal'udu da yamma ya san dalilin da ya sa aka ɗauko aikin gadoji a wuraren, kuma garin da mutane ke kwararowa cikinsa kullum dole ya buɗe hanyoyi. Damuwata ita ce yadda ake zana aiki a takarda kamar filin fetal ne, sai an iso da katafila sannan a tarar da maɗacin da ya girmi kowa a wurin, a ce ai ya tare hanya. Kai injiniya ne, ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka daga 2011 zuwa 2015. Ka fi ni sanin cewa ana iya karkatar da kwata, ana iya barin bishiya a tsakiyar titi ko a gefen masu tafiya a ƙasa, in dai tun a zanen farko an san da ita.

Kullum amsar da ake ba mu ita ce za a dasa wasu. Madalla da dashe. Sai dai duk wanda ya taɓa dasa itace a Kano ya san wahalarsa: awaki, rani, da rashin mai ban ruwa da zarar an tashi daga biki an kwashe rumfuna. Wanda ya tsira a cikinsu, in tsamiya ce ko maɗaci, ɗan da aka haifa ranar dashen zai yi aure kafin ya ba da inuwar kirki. A watan Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40. Mai kuɗi zai shiga mota ya kunna sanyi. Mai faci, mai shayi, ɗan sahu da ke jiran fasinja, tsohuwar da ta fito daga Asibitin Murtala tana jiran abin hawa, su ina za su fake?

Mun riga mun ga irin wannan a kan badala. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, wadda ta shiga jerin wuraren tarihi da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2007, ana ta gutsurarta muna kallo: wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya kafa shago. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su an yi gini, da damina ruwan ya bi mu har ɗaka. Duka da kaɗan-kaɗan aka yi, babu ranar da aka taru aka ce a rushe.

Don haka roƙona shi ne a ƙirga su. Ma'aikatar Muhalli da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, su zagaya tare da masu unguwanni, domin su suka san kowace tsohuwar bishiya da tarihinta, a yi musu rajista, a liƙa wa kowacce lamba. Kada a amince da zanen titi ko na gini sai an nuna inda bishiyoyin suke a cikinsa. In har babu makawa sai an sare wata, a sanar da mutanen unguwa tun da wuri, a ji ta bakinsu, ɗan kwangila kuma ya ɗauki nauyin dashe da ban ruwa har sai ya kama, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

In za a fara, ina roƙon a fara da cikin birni, daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, inda suka fi ƙaranci yanzu. Akwai wata tsamiya a bayan masallacin unguwarmu, ita kaɗai ta rage mana, kuma an fara awon fili kusa da ita.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a.

Naka,
Wani mazaunin cikin birnin Kano