Wasiƙa daga Norfolk game da tsofaffin kawunan ɗamara

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba, ina so in cika alkawarin da na ɗaukar maka na bayani a kan ƙarafan nan biyu da na aiko maka da hotonsu, waɗanda ka ce ba ka ga abin da ya raba su da kayan 'yan gwangwan ba.

Tun bayan girbin bara nake bin wasu maƙwabtana zuwa gonakin da ke wajen birnin Norwich, a nan Ingila, duk ranar Asabar, kowa riƙe da na'urar gano ƙarfe, bayan mai gona ya ba mu izini. Yawancin abin da muke tonowa ƙusoshi ne da maɓallai da dalmar harsashi, amma kan ɗamara yana yawan fitowa, domin shekaru aru-aru mutanen ƙasar nan da shi suke ɗaure bel da takalmi da bakin wando da kayan doki.

Na farkon, wanda ya yi kama da ɗan ƙaramin tabarau, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba, kuma ya yi kore shar saboda daɗewa a ƙasa. Da na tsince shi na ɗauka na Rumawa ne, tun da sun mulki ƙasar nan daga shekara ta 43 zuwa wajen 410. Na kai shi wurin jami'ar da ke rajistar irin waɗannan abubuwa a ƙarƙashin shirin da aka fara a 1997, wanda Gidan Tarihi na Birtaniya ke kula da shi. Ba ta tsaya kallon adon gabansa ba, sai ta kifa shi a tafin hannunta ta nuna mini bayansa. Bayan a shafe yake, ga sawun magagari nan ƙanana a gefe inda maƙeri ya goge bakin zubi, sannan a jikin sandar tsakiya akwai jan tabo na tsatsa, wurin da harshen baƙin ƙarfe ya zauna kafin ƙasa ta cinye shi. Zobban biyu da sandar duk zubi ɗaya ne na tagulla. Ta ce irinsa ya fi yawa tsakanin 1500 da 1650, kuma ba ta yarda ta matse lokacin fiye da haka ba. Wannan taka-tsantsan nata ya sa na ƙara amincewa da ita.

Na san za ka tambayi yadda aka san waɗannan shekaru alhali ba a rubuta komai a jikin ƙarfen ba. Babban tushen sanin shi ne tonon da masana suka yi a bakin kogin Thames a Landan, inda mutanen zamanin da suka riƙa kafa katakai su cike bayansu da shara domin faɗaɗa gaɓa. Ana auna faɗin zobban da ke cikin katakon a gwada su da na itatuwan da aka san shekarunsu a gane lokacin da aka sare itacen, a haɗa da kuɗaɗen da aka samu cikin sharar, sai a san zamanin duk wani kan ɗamara da ke kwance a wannan hawa. Ta haka aka tabbatar cewa masu zobe ɗaya, masu siffar rabin wata, sun yi tashe a ƙarni na 13 da na 14. Abin da muke tonowa a gona garma ta riga ta juya shi sau ba adadi, saboda haka sai dai a gwada shi da waɗancan.

Na biyun ya fi ba ni sha'awa. Ka lura ya lanƙwashe kamar yadda bayan ƙafa yake, kuma babu sanda a tsakiyarsa, sai ƙananan huji biyu da aka huda a gefe da gefe. Lanƙwasar nan da waɗannan hujin su ne shaidar cewa na takalmi ne, domin a cikin hujin ake zura wani siririn ƙarfe daban wanda harshe da maƙalin fata ke juyawa a kansa. Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati a Landan, ya rubuta a littafin ajiyar al'amuransa cewa ranar 22 ga Janairu 1660 ya fara sa irin wannan ƙarfe a takalminsa. Na farko-farkon ƙanana ne, sai suka yi ta girma har zuwa shekarun 1770 da 1780, lokacin da wasu ke rufe kusan duk bayan ƙafa. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 igiyar takalmi ta kore su, har masu ƙera su a Birmingham suka kai kuka ga Yarima mai jiran gadon Birtaniya a 1791. Nawa babba ne, saboda haka yana wajen ƙarshen wannan yayi.

Na kayan doki su ne masu wuyar sha'ani, domin ƙarfen majayi ba ya bin yayi, kuma siffarsa ɗaya tana iya ɗaukar shekara ɗari biyu ba ta sake ba.

Na yi kuskure sau ɗaya na goge wani da ƙarfi har koren ya tashi, tare da sauran ruwan kuza da aka shafa masa, kuma har yau abin yana damuna. Yanzu ba na wuce busasshen buroshi mai laushi, sannan ina rubuta ainihin wurin da na tsinci kowanne kafin in bar gonar. Doka ta 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya haura shekara 300 idan aƙalla kashi 10 cikin ɗari na ƙarfensa zinariya ne ko azurfa. Na tagulla irin nawa ba dole ba ne, amma ina ganin rashin adalci ne mutum ya jefa su a akwati ba tare da an rubuta inda suka fito ba.

Ina roƙonka ka nuna wa tsohon maƙerin farin nan na unguwarku hoton bayan na farkon, ka tambaye shi ko yana ganin a buɗaɗɗen mazubi aka zuba shi, ka rubuto mini abin da ya ce. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini