Wasiƙa daga Baro, inda layin dogon Kano ya faro

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Kumasi? Mu nan sai godiyar Allah.

Makon jiya na cika alkawarin da muka daɗe muna yi, na je Baro. Ka tuna musun da muke tafkawa a zaure, kana cewa daga Ikko dogo ya zo Kano? To, daga wannan ɗan ƙauyen Nufawa na bakin kogin Kwara ya faro, a ƙasar Agaie. A 1907 Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, ya sa aka fara aikin. Sai ruwa ya cika jiragen ruwa ke hawowa daga bakin teku da ƙarafa da kawunan jirgi, a sauke su a nan. Waɗanda suka ɗebi ƙasar da kwanduna a ka kuwa talakawa ne, da yawansu hakimai ne suka tara su aikin tilas. A 1911 dogo ya isa Kano, gyaɗarmu da auduga da fatu suka samu hanyar fita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dogon da ya ɗaga Baro shi ya kwantar da shi. Da layin Ikko ya haɗu da wannan a Minna, aka kuma gama gadar Jebba a 1916, kaya suka miƙe zuwa Ikko ba jiran cikar ruwa. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke.

Na tsaya a tsohuwar tashar da la'asar. Ƙarfen dogo ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, awaki na kwance a kai. Wata dattijuwa na ƙyafe kifi a gindin bango, hayaƙin na bi ta tagogin da ba ƙyaure. Wallahi sai da idona ya cika.

A 2019 Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a nan, na gan ta daga waje, tsit take. Hanyar Agaie zuwa Katcha ma ta ba mu wuya ƙwarai.

In Allah ya kawo ka gida da sallah, mu koma tare, mu hau dutsen da ke bayan gari ka ga yadda kogin ya shimfiɗu. Ka gaida mini yara da uwargida.

Naka har kullum,
Amininka