A riƙa sanar da mu tun tsutsa na nesa

Assalamu alaikum, Edita.

Sana'ata gwari ce a kasuwar Yankaba. Na rubuto ne saboda ranar 12 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin lafiyar tsirrai, takan zo ta wuce ba tare da kowa a cikinmu ya sani ba, alhali mu ne maganar ta fi shafa.

Duk ɗan gwari yana tuna 2016. A shekarar ne tsutsar da manoma ke kira sharon ta mamaye gonakin tumatir na Kadawa da Kura da Garun Malam. Na je da kaina gonar wani da nake sayen kaya a hannunsa. Ya tsinko ganye ya ɗaga wa rana, sai ga ta kwance a tsakiyar ganyen, ta cinye cikinsa ta bar fata kamar leda. Ya ce, "Alhaji, dubi inda take. Feshin ma ta ina zai same ta?" Kwandon da aka samu ya iso kasuwa, rabinsa huji ne. Farashi ya ninka ya sake ninkawa, matan gida suka koma tumatirin gwangwani da kauɗa. Jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir.

Abin da ya fi ba ni takaici daga baya na gano shi. Ashe tsutsar baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, kuma tun 2006 aka gan ta a Sifaniya, ta bi ƙasashen bakin Bahar Rum ta tsallako Afirka. Kusan shekara goma tana tafe. Masana sun san sunanta, Tuta absoluta, sun san tarkon da ke jawo namijin ƙwaron da ƙamshi, sun san takan saba da magani in an yi ta maimaita iri ɗaya. Manomin Kura kuwa sai da ta kwana a gonarsa ya ji labari. Tsutsar masara ma daga nahiyar Amurka ta zo, aka fara ganinta a Najeriya a 2016, a 2018 kuma ta isa Indiya.

Akwai yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya tun 1951, ƙarƙashin hukumar abinci ta FAO, kuma Najeriya na ciki. Ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da sauran in sabon ƙwaro ya ɓulla, da ba da takardar shaidar lafiya ga kayan gona masu tsallaka iyaka. Madalla. Amma sanarwar da ta tsaya a ofis da Turanci, me ta amfana wa mai noman rani?

Mu ma ba mu da bakin magana sosai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, kuma kowa ya san masu antaya fiya-fiya a buhu don gudun ƙwari.

Roƙona, Edita, ku buɗe fili ko sau ɗaya ne a wata. Ku gayyato malaman gona da jami'an hukumar NAQS masu duba kayan gona a kan iyaka, su faɗa mana da Hausa wane ƙwaro aka gani a Nijar ko Kamaru ko Chadi, yaya kamanninsa, kuma wa manomi zai kira in ya gan shi. Ku sa hotonsa babba, don yawancinmu da ido muke ganewa.

Naku,
Wani ɗan gwari, Yankaba, Kano.