Godiya ga Ma'aikatan Arewa House, Kaduna

Zuwa ga Darakta da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Tudun Wada. Na rubuto in yi muku godiya a bainar jama'a kan hidimar da kuka yi mana da ɗalibaina lokacin da muke bin diddigin rayuwar marigayi Alhaji Muhammadu Ribaɗu.

Yaran Kaduna sun san sunan Ribaɗu a matsayin barikin soja, iyakar abin ke nan. Da muka zo gidanku a titin Rabah, inda Sardauna ya zauna yana Firimiya, malamin da ke kula da ɗakin karatu bai bar mu da tulin takardu ya koma kujerarsa ba. Ya zauna da yaran, ya fara da su daga Adamawa, inda Ribaɗu ya yi aikin En'e kafin siyasa ta kai shi Majalisar Wakilai a Legas ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Daga nan ya bi da su ma'aikatun da ya riƙe, har da ta harkokin Legas, zuwa 1960 da ya zama ministan tsaro a gwamnatin Tafawa Ɓalewa.

Nan ne zance ya dawo gida. A zamaninsa aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna a 1964, a shekarar kuma aka kafa kamfanin ƙera makamai na Kakuri, wanda wasu daga cikin yaran nan ke wucewa ta gabansa ba tare da sanin mafarinsa ba. Ya rasu ranar 1 ga Mayu 1965, wata takwas kafin juyin mulkin Janairun 1966, Inuwa Wada ya gaje shi. Wata ɗaliba ta tambaya ko da yana raye da an kauce wa juyin mulkin. Malamin ya ce mata takarda ba ta amsa irin wannan, ta dai karanta ta yi nata hukuncin. Wallahi amsar ta burge ni, don mu malamai saurin yanke wa yara hukunci gare mu.

Ina gode wa masu gadi ma, da suka yi haƙuri da hayaniyarmu. Roƙona ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Arewa House ke ƙarƙashinta, shi ne ta ƙara wa wannan cibiya kuɗin adana tsofaffin takardun nan a kwamfuta kafin su ruɓe.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Naku,
Malamin tarihi, Tudun Wada, Kaduna