Wasiƙa zuwa Faransa kan gonar Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan hunturu ya fara sauka, an gama girbin dawa. Ya kuma ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku ikon riƙe zumuncin da ya bari.

Saƙonka ya iso, amma maganar ta fi ƙarfin amsa ta waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce Yaya Babba ya kawo shawarar kada a raba gonar, a bar ta dunƙule a hannunsa, duk kaka ya auna wa kowa hatsi, matan kuma a kai musu nasu gidajen aurensu. Ka ce hankalinka ya kwanta da hakan, don ka ga a Turai zuri'a ɗaya na riƙe da gida da gonaki shekaru aru-aru, mu kuwa duk mutuwa sai an yanyanka ƙasa har ta kasa ciyar da kowa. Ni dai ban goyi baya ba. In za ka yi fushi, gara ka yi shi daga nesa.

Waɗannan manyan gonakin da suka burge ka, tambayi yadda aka yi suka tsaya cak. A da, a Ingila babban ɗa namiji ne ke kwashe ƙasar kakaf. Ƙannensa su shiga soja, ko aikin coci, ko su tafi neman arziki ƙasashen da aka mallaka. 'Yan mata kuwa sai dai a nema musu miji mai hali. Har ƙulla gonar ake yi da takarda yadda shi kansa magajin ba ya iya sayarwa, sai dai ya ci amfaninta ya miƙa wa nasa babban ɗan. Sai a 1925 aka soke wannan fifikon ga wanda ya mutu bai bar wasiyya ba. Kai da kake na uku a maza, da can aka haife ka, ko kunya ɗaya ba za ka samu ba.

Ita ƙasar da kake zaune ma ta fi ba da labari. Kafin 1789 an kasa mutanen Faransa gida uku a doka: malaman coci, masu sarauta na gado, sai kowa da kowa, tun daga attajiri da lauya har manomi da ɗan dako. Rukunai biyun farko ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari na jama'a ba, amma coci kaɗai na riƙe da kusan ushirin ƙasar, masu sarauta kuma wajen rubu'i, ga shi an yafe musu babban harajin sarki. Manomi shi ke biyan sarki, ya fitar wa coci rabonta daga amfanin gona, ya biya uban ƙasarsa, har niƙa sai a injin ubangidan, da kuɗinsa. Da bashi ya ci Sarki Luwi na 16, ya kira taron rukunan uku a Versailles ranar 5 ga Mayu 1789, taron da rabon a yi shi tun 1614. Bisa tsohuwar al'ada kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi, ka ga biyu sun danne ɗaya tun kafin a buɗe baki. Wakilan talakawa suka ƙi, a watan Yuni suka ce su ne majalisar ƙasa, a daren 4 ga Agusta aka rushe gatan iyayen ƙasa, a Nuwamba gwamnati ta karɓe filayen coci. Dokar Napoliyon ta 1804 kuma ta wajabta raba gado tsakanin 'ya'ya. Har gobe Bafaranshe mai 'ya'ya uku ko fiye rubu'in dukiyarsa kawai yake da ikon bai wa wanda ya ga dama. Tambayi maƙwabtanka. Wato abin da kake sha'awa, masu shi sun zubar da jini kafin su rabu da shi.

Mu ma ba mu rasa namu matakan ba: sarakuna, malamai, attajirai, talakawa, da bayi. Sai dai a nan girma bin sarauta yake, ƙasa kuwa a yalwace take, hannun da zai nome ta ne dukiya. Gandun sarki da rinjin bayi sun tsaya ne da gumin waɗanda ba su da ikon cewa a'a, kuma gandun sarauta na rawani ne, in aka tuɓe mutum ya bar shi nan. Gandun Albasa da muke ratsawa a mota yau gidaje ne da shaguna, sunan kawai ya rage. Bauta ba ta gama haramta a dokar Arewa ba sai 1936, haraji da jangali kuwa sai da Abubakar Rimi ya zo a 1979 aka soke su a Kano. Kakana har ya rasu in ya ji an ambaci noman gandun hakimi sai ya yi tsaki.

Gandun gida, wanda Yaya ke son ya raya, wani abu ne daban, na sani. Amma me ya riƙe shi? Maigida da ransa, 'ya'ya na noma tare, kowa da gayaunarsa, shi kuma ya ciyar, ya yi wa samari aure, ya biya wa kowa haraji. Yanzu ina wannan? Kai kana Turai, ɗaya na Legas, matan shida kowace da gidanta. Wanda ke kan gonar shi kaɗai zai san abin da ta bayar. Yaya mutumin kirki ne, ban ce zai ci amana ba. Ina tunanin ranar da shi ma zai koma ga Allah ne, 'ya'yansa su tashi sun buɗe ido sun ga ubansu ke noma wurin, su ce gonarsu ce. Je kotun shari'ar Musulunci ka zauna, za ka ga tsofaffin mata na neman haƙƙin da aka ce a bari tukuna tun suna amare, shaidun duk sun mutu.

Lissafin naku ma ba shi da wuya. Bayan an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, kuma tunda kakanninku sun riga Baba rasuwa, matansa biyu, Hajiya da Inna, ke da tumuni su raba. Ka ce gonar eka 16 ce: tumuni eka 2, kowacce ɗaya. Saura 14. Maza huɗu, mata shida, namiji na da rabon mata biyu kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, kaso 14 ke nan cif. Kowace mace eka ɗaya, kowane namiji biyu. Sai dai a lura, gefen titi ba ɗaya yake da gefen fadama ba, don haka a yi wa kowane ɓangare kuɗi tukuna.

Inda kake da gaskiya shi ne eka ɗaya ba ta ɗaukar tarakta, ba ta riƙe gida. To ai ba a ce dole a dasa shinge ba. A auna, a kafa alama, a rubuta sunan kowa gaban alƙali, da mai unguwa da liman a shaidu. Bayan nan duk wanda ya so ya bai wa Yaya hayar nasa ko aro, a rubuce, da wa'adi. Gonar na nan dunƙule a ido, amma kowace ƙanwarka ta san abin da take bayarwa, kuma tana iya karɓa ranar da ta so. A tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban Yaya ba, don ka san kunya ba za ta bar su su yi magana ba.

Kada kuma a yi sanya da takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsa. Gari na ta matsowa wajenku, dillalai sun fara yanka fuloti a gonakin maƙwabta. Ranar da aka zo biyan diyya, sunan da aka sani a wurin shi za a kira.

In ba za ka samu zuwa kafin damina ba, rubuto takardar wakilci ka naɗa wanda ka yarda da shi. Ni kada ka sa ni, Yaya zai ce ni na zuga ka, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kawunku na wajen uwa ya fi dacewa.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka